Kwamfuta na barci, batir na zuba: abin da ke kawo shi da yadda ake gano bakin zaren

Akwai tambaya guda da ke yawan dawowa daga masu sauraro, musamman ƴan makaranta, malamai da ma'aikatan ofis: mutum ya cika batirin kwamfutarsa ta hannu, ya rufe murfi, ya sa ta a jikka, da safe ya buɗe ya tarar caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, ko ma ta mutu murus. Wani kuma ya ce da ya fiddo ta daga jikka ya ji ta da zafi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. A gari irin Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda kuran ke ɗaukewa ba sallama, wanga al'amari ba ƙarami ba ne, domin cajin da ya zube cikin dare shi ne aikin da ba a yi ba da rana.

Abu na farko da masu gyara da yawa ke faɗa shi ne "batir ya mutu, a sayi sabo". Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa batirin lafiyarsa lau, kwamfutar ce ba ta yin barcin da mai ita ke zaton tana yi. Kafin a kashe kuɗi, ana iya bincikawa a gida, kuma kayan binciken suna cikin kwamfutar tun daga kamfani. Da yake mafi yawan kwamfutocin da ke hannun jama'a a nan Nijar Windows ɗinsu na Faransanci ne, sunayen wuraren da za a latsa za su zo yadda suke a rubuce a kan allo.

Barcin ba iri ɗaya ba ne

Tun 1996 kamfanonin Intel, Microsoft da Toshiba suka fito da ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta tsara matakan da kwamfuta ke bi tsakanin aiki da mutuwa. An ba matakan lamba. S0 shi ne tana aiki. S5 shi ne an kashe ta. Tsakaninsu akwai biyu da suka shafe mu.

S3 shi ne barcin da aka saba da shi, wanda ke rubuce "Mettre en veille". A nan kusan komai na tsayawa: allo, diski, fanka, da ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Abin da ya rage da wuta shi ne RAM, wato ma'ajiyar da ke riƙe aikin da kake kai, domin ita da zarar wuta ta yanke mata sai ta manta komai. Saboda haka ko a barci mai kyau sai an ci caji kaɗan. Kaɗan dai.

S4 shi ne "Mettre en veille prolongée", mu ce masa dogon barci. Kwamfuta na kwashe duk abin da ke cikin RAM ta rubuta shi a diski, cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan ta mutu gaba ɗaya. Idan ka kunna, sai ta karanto fayil ɗin, ka tarar da takardunka a buɗe inda ka bar su. Tashinta ya fi ɗaukar lokaci, amma ba ta cin caji, sai ɗan abin da batir ke rasawa da kansa.

To, daga 2012, da fitowar Windows 8, Microsoft ya kawo wani sabon salo, wanda a Windows 10 da 11 ake kira Modern Standby. Manufar ita ce kwamfuta ta yi kama da salula: ka kashe allo amma tana nan a faɗake, tana karɓar saƙo, tana iya sauke sabuntawa, kana buɗe murfi ta tashi nan take. Barcin zomo kenan, ido buɗe. A takarda abin yana da kyau, domin an tsara ta kwanta a mafi ƙarancin cin wuta, ta riƙa ɗan farkawa tana komawa. A aikace kuwa, in aka samu manhaja guda ko na'ura guda da ta ƙi kwanciya, sai ta hana duk gidan barci. Allo a kashe, murfi a rufe, amma ciki ana ta aiki. Mafi yawan kwamfutocin da suka fito a ƴan shekarun nan wanga salo gare su, kuma da yawansu an cire musu tsohon S3 ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa tsohuwar EliteBook ɗinsa da ya saya ta hannu ta fi sabuwar da ofis ya ba shi riƙe caji cikin dare. Ba ƙarya yake ba.

A fara da awo

"Batir na zuba" magana ce da ba ta da ma'auni. Da dare, a cire caja, a cire duk abin da ke soke a jikin kwamfutar, a rubuta kashi nawa ne cajin da ƙarfe nawa, a sa ta barci. Da safe a sake dubawa. In cikin awa 8 ta ci kashi 3, 4 ko 5, babu wata cuta, haka barci yake. In ta kai ga cin fiye da kashi 1 a kowace awa, akwai abin dubawa. In kuwa ta ci rabi ko ta mutu, to ba barci ta yi ba sam.

Sai dai lissafin kashi yana da yaudara, kuma a nan ne ya kamata a duba lafiyar batirin kansa. A rubuta cmd a wurin bincike na ƙasan allo, a danna dama a kan "Invite de commandes", a zaɓi "Exécuter en tant qu'administrateur". Baƙin allo zai buɗe. A rubuta:

powercfg /batteryreport

Ga masu kilabiye na Faransanci, alamar / tana kan maɓallin da ke da ɗigo biyu, sai an haɗa da Shift. Kwamfutar za ta faɗi inda ta ajiye rahoton, a je a buɗe shi. Lamba biyu ake nema, kuma da Ingilishi suke zuwa: DESIGN CAPACITY, wato abin da batirin ke ɗauka lokacin da yake sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, abin da yake iya ɗauka yau. A mWh ake rubuta su.

Ga misali don a gane. A ce batir na 50,000 mWh ne, kuma kwamfutar na cin rabin wat a barci. Cikin awa 8 ta ci 4,000 mWh, kashi 8 kenan. In batirin ya tsufa, yanzu 20,000 kawai yake ɗauka, wancan 4,000 ɗin ya zama kashi 20. Barcin bai canza ba, tulun ne ya ƙanƙance. Wanda ya ga lambarsa ta biyu ta sauka ƙasa da rabin ta farko, to mai gyara ya yi gaskiya, babu saitin da zai maido da abin da ya tafi. Wannan rahoto ma ya kamata duk mai sayen kwamfuta ta hannu ya nemi a fiddo masa shi a gaban mai shago kafin ya biya. Minti biyu ne, kuma ya fi rantsuwa.

In lambobin biyu suna kusa da juna amma caji na zuba, sai a ci gaba. A wancan baƙin allon a rubuta:

powercfg /a

Zai jero irin barcin da kwamfutar ke iya yi. A duba sahun farko na waɗanda ke akwai. In an ga S3, tsohon salo ne. In an ga S0, barcin zomo ne. Daga nan hanya ta rabu biyu.

In S3 gare ta: wa ke tashin ta?

Kwamfuta mai S3 ba ta cika zubar da caji tana barci ba. Abin da ke faruwa shi ne wani abu ya tashe ta tsakar dare, ta zauna a farke cikin jikka har batir ya ƙare. Kwamfutar da ke cin wat 6 a farke, batir na 50,000 mWh awa 8 da ɗan kai zai yi mata, daidai tsawon dare guda.

Umarni uku ne ke tona asiri. powercfg /lastwake na faɗin abin da ya tashe ta na ƙarshe. powercfg /devicequery wake_armed na jero na'urorin da aka ba izinin tashin ta. powercfg /waketimers kuma na nuna manhajojin da suka sa agogo don su tashe ta a wani lokaci, galibi masu neman sabuntawa.

Wanda aka fi kamawa shi ne linzamin kwamfuta marar waya, wanda muke ce ma suri. An bar ɗan tsinkensa soke a USB, an jefa surin cikin jikka ba a kashe shi ba, ana hawa kabu-kabu ya motsa, kwamfuta ta ɗauka mai ita ne ya dawo. Maganinsa mai sauƙi: a kashe surin, ko a shiga "Gestionnaire de périphériques", a danna shi sau biyu, a je shafin "Gestion de l'alimentation", a cire alamar da ke gaban "Autoriser ce périphérique à sortir l'ordinateur du mode veille". Haka za a yi ma katin rezo, na waya da na Wi-Fi, in sunansu ya fito a jerin. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai sukan zo da saitin da ke ba katin rezo damar tashin su, saboda can ma'aikatan kula da na'urori kan tashe su daga nesa. A gidanka ba ka da bukatar wannan.

Agogon tashi kuma ana rufe shi ta "Panneau de configuration", "Options d'alimentation", sai saitin ci-gaba na tsarin da ake kai, ƙarƙashin "Veille", wurin "Autoriser les minuteurs de sortie de veille". A kashe shi a ɓangaren batir.

Akwai kuma wadda ba ta ma shiga barcin tun farko. A nan "Options d'alimentation", a duba "Choisir l'action qui suit la fermeture du capot". Wani ya taɓa sa ta a "Ne rien faire", wataƙila don ya kalli fim a talabijin murfi a rufe, ko ya bar wani abu na sauka, ya manta. Tun daga ranar rufe murfi bai zama komai ba. Umarnin powercfg /requests shi ma yana nuna manhajar da ke riƙe da kwamfuta tana hana ta kwanciya da kanta. Masu aikin haɗa sauti, irin namu na rediyo, su lura da wannan: manhajar sauti da aka bari a buɗe ta kan riƙe katin sauti ko ba a kunna komai ba.

In S0 gare ta

A nan aikin ya fi wuya, domin ba farkawa take ba, kwanciyar ce ba ta nisa. Amma Windows na da rahoto na musamman. A baƙin allo mai izinin administrateur a rubuta:

powercfg /sleepstudy

Rahoton na nuna barcin kwana 3 na baya, kowane da lokacin da ya fara, tsawonsa, da kashin cajin da ya ci. An yi masa launi: kore lafiya, ruwan lemo da ɗan dama, ja akwai matsala. A danna wanda ya yi ja, a ƙasa za a ga jerin abubuwan da suka fi yin motsi a wannan barcin. Ba dole sai mutum ya gane kowane layi ba. Sunan da ke saman jerin da jan launi shi ake nema: katin Wi-Fi ne, Bluetooth ne, katin sauti ne, wata na'urar USB ce, ko sabuntawar Windows.

In sabuntawa ce, sau da yawa abin na kwana ɗaya ne ko biyu, ya wuce. Wanda ke amfani da forfe na salula yana da dalili na biyu na damuwa, domin kwamfutar da ta kwana haɗe da Wi-Fi na wayarsa tana iya cin megarsa ita ma. A shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a kunna "Connexion limitée", Windows zai daina sauke mafi yawan sabuntawa ta wannan hanya sai da izini.

In sunan na'ura ne ke dawowa kullum, to direbanta ne, wato ƴar manhajar da ke haɗa na'urar da Windows. Ga inda muke yawan samun matsala a nan: an kai kwamfuta kasuwa an sake mata Windows, mai gyara ya zuba direbobi daga wani tarin da ke kile ɗinsa, komai na aiki a ido, sauti na fita, intanet na shiga, amma ɓangaren da ke sa na'urori su kwanta bai zauna daidai ba. A je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP, Dell, Lenovo ko wanda ne, a sa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasanta, a sauko da direban chipset, na Wi-Fi, na hoto da na sauti. Sabunta BIOS ma na gyara irin wannan a wasu samfura, sai dai shi ba a yin sa da wasa. Batir ya kasance cike, caja na soke, kuma a lokacin da ake da tabbacin wuta, ko a kan gurup ko sola. In ta mutu ana tsakiyar sabunta BIOS, tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

Gwaji mafi sauri shi ne a sa "Mode Avion" kafin a rufe murfi, a kwana, a gwada da daren jiya. In zubar ta ragu sosai, rezo ne. In ba ta canza ba, a duba wani wuri.

Sai wata dabara da masu irin waɗannan kwamfutoci da yawa suka gwada suka ga amfaninta. Barcin zomo na da hali biyu: in tana kan caja, Windows na sakin jiki ya yi ayyukansa na bayan fage, in tana kan batir sai ya tsuke. An lura wasu kwamfutoci, in aka rufe murfi tana kan caja sannan aka zare cajar, ba su farga da wuri cewa wuta ta yanke ba, sai su ci gaba da sha'aninsu a kan batir. Don haka a fara zare caja, a ɗan jira daƙiƙa kaɗan, sannan a rufe. A wurinmu abin ya ma fi haka, domin ba sai ka zare ba: ka bar ta a caji ka kwanta, kuran ya ɗauke ƙarfe ɗaya na dare, daidai yake da an zare. Wanda ke barin kwamfuta a caji ya kwana, gara ya kashe ta ko ya sa ta dogon barci, batir na cika ko tana kashe.

Za a ga masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows a canza wata lamba don a tilasta mata komawa S3. Ni dai ba na ba da wannan shawara ga wanda ba aikinsa ba ne. In kamfani ya cire S3 daga BIOS, canza lambar ba zai ƙirƙiro shi ba, kuma kana iya wayuwar gari da kwamfutar da ba ta da barci ko ɗaya, ko mai kwanciya ta ƙi tashi. Wasu ThinkPad dai suna da zaɓi na halal a cikin BIOS, wurin Sleep State, inda zaɓin Linux ke maido da S3. In akwai shi, a gwada. In babu, a bar shi.

Ramin USB mai ba da wuta ko an kashe

Wannan ya shafi kowa, ko wane irin barci gare ta. Kwamfutoci da yawa suna da ramin USB guda da ke ci gaba da ba da wuta ko tana barci, wani lokaci ma ko an kashe ta. Lenovo na kiran sa Always On USB, kuma a ThinkPad da yawa ramin rawaya ne. Dell na kiran sa PowerShare. A wasu za ka ga ƴar alamar walƙiya ko ta batir a gefen ramin. Amfaninsa a bayyane yake, ranar da babu kuran kwamfuta ta zama abin cajin salular duk gida. Amma wutar daga batirin take fita. Salula guda in ta cika daga ƙasa tana iya kwashe wajen kashi ɗaya cikin uku na batirin kwamfuta mai matsakaicin girma, ko fiye in batirin ya tsufa. Ƙaramar fanka ta USB, fitila, modem, duk haka. Kafin a zargi Windows, a tambayi yaran gida wa ya soka wayarsa cikin dare.

Ana kashe shi a BIOS. Ana kunna kwamfuta a riƙa latsa F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, a nemi sunan a ɓangaren USB ko na wuta. Wanda ke bukatar sa ya bar shi, ya dai san inda cajinsa ke zuwa.

Maganin da ya fi zama: dogon barci

Duk binciken da ke sama na wanda ke son sanin dalili ne. Wanda kawai ke so ya buɗe kwamfuta da safe ya tarar da cajinsa, dogon barci ya ishe shi, kuma shi na fi ba mutane shawara. A kwamfutar da ke da diski irin SSD bambancin tashi daƙiƙoƙi ne. Mai tsohon diski mai juyawa zai ɗan jira, amma jiran rabin minti ya fi neman inda za a yi caji.

Sau da yawa zaɓin a ɓoye yake. A baƙin allo a rubuta powercfg /h on. Sannan "Options d'alimentation", "Choisir l'action des boutons d'alimentation", a danna "Modifier des paramètres actuellement non disponibles", a sa alama gaban "Veille prolongée", a adana. Yanzu zai fito a jerin kashewa. A wannan shafin ana iya cewa rufe murfi, in tana kan batir, ya zama dogon barci kai tsaye. Mai yawan buɗewa da rufewa, kamar ɗalibin da ke fita daga aji zuwa aji, ya bar murfin a barci na yau da kullum, amma a saitin ci-gaba, ƙarƙashin "Veille", ya sa ta wuce dogon barci bayan minti 30 ko awa guda. In ya dawo da wuri ta tashi nan take, in ya manta da ita ta kashe kanta aikinsa na ajiye.

Fayil ɗin hiberfil.sys na cin wuri a diski, wajen kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato giga 3 da ɗan kai ga mai RAM giga 8. Masu ƙananan kwamfutoci na diski giga 32 ko 64 su yi lissafi.

Game da "Arrêter" kuma, tun Windows 8 kashewar ba cikakkiya ba ce. Akwai abin da ake kira "Démarrage rapide", inda Windows ke rufe manhajojinka amma ya ajiye zuciyar tsarin a diski don ya tashi da sauri. Wannan shi kansa bai kamata ya ci caji ba. Illarsa ita ce direban da ya rikice yana iya dawowa da rikicinsa gobe, domin ba a wanke shi ba. "Redémarrer" shi ke farawa daga tushe, haka ma riƙe Shift lokacin danna "Arrêter". Wanda bai taɓa yin "Redémarrer" ba tsawon makonni, ya fara da wannan tun kafin komai. In kuma an kashe ta kashewa ta gaskiya, babu komai soke, USB mai ba da wuta a rufe, amma duk da haka tana rasa caji mai yawa cikin kwana ɗaya, zance ya bar saiti. Ko batir ne, ko wani abu a kan allon ƙarfen ciki ke tsotsar wuta, kuma wannan sai mai gyara da na'urar awo.

Masu MacBook da masu Linux

Ba su da yawa a nan, amma akwai su. A MacBook, a shiga saitin batir a kashe tashi saboda rezo, sannan a tsofaffin masu ƙwaƙwalwar Intel a kashe Power Nap a kan batir, wanda Apple ya kawo a 2012 don ta riƙa duba saƙo tana barci. A Terminal, pmset -g assertions na nuna abin da ke hana ta kwanciya. Mai Ubuntu ko wani Linux ya rubuta cat /sys/power/mem_sleep. In kalmar deep ce aka kewaye, S3 ne. In s2idle ce aka kewaye kuma deep na gefe, ana iya komawa deep ta saitin tashin tsarin. In deep ba ta fito ba sam, na'urar ba ta da shi.

Zafi

Batirin kwamfuta na lithium ne, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Apple, alal misali, ya ce a yi aiki da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 zuwa 35. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma a nan ta kan wuce 40. Ƙara da kwamfutar da ta farka cikin jikka a rufe, babu inda iska za ta fita, an ɗaure a bayan babur ko an bari cikin mota. Cajin ranar ya tafi, wannan ɗaya. Na biyu, kowane irin wannan dare yana rage ma batirin kwana, kuma lambar FULL CHARGE CAPACITY da ta sauka ba ta hawa. Haka yawan barin batir ya zube har ƙasa, ya kwana a sifiri, shi ma yana cin sa. Wanda zai yi tafiya ya bar kwamfuta makonni, ya bar ta da caji wajen rabi, a kashe, a ɗaki mai sanyi-sanyi, ba saman akwati kusa da kwano ba.

Kafin a sa ta cikin jikka, a jira fanka ta yi shiru, a duba fitilar kunnawa. A masu S3 za ta riƙa ƙyaftawa a hankali, a dogon barci za ta mutu. In tafiyar mai nisa ce, Yamai zuwa Damagaram a mota misali, barci na yau da kullum ba shi da wurin zama, dogon barci ko kashewa.

In aka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ta daina zama daidai a kan tebur tana rawa, batirin ya kumbura. A daina caji nan take, kada a danna shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, domin yana iya kamawa. A kai a cire shi. Mafi yawan kwamfutoci na aiki a kan caja ko babu batir a ciki, har a samu na canji, sai dai a riƙa adana aiki akai-akai tunda kuran na ɗaukewa za ta mutu. Wurin sayen sabon kuma a duba lambar da ke jikin tsohon, a dace da ita harafi da harafi, sannan bayan an sa, a cika shi a sake fiddo powercfg /batteryreport a ga ko abin da yake ɗauka ya kai abin da aka rubuta a kwalinsa.